Tambaya da amsa: In sauke motata ƙasa don ta riƙe kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni matashi ne a Birnin Kebbi. Ina da BMW 330Ci ƙirar 2003 mai ƙofa biyu, 'yar Kwatano na saye ta shekara uku da suka wuce. In na sha kwana da ɗan gudu sai ta kwanta gefe guda, bayanta ya riƙa lilo kamar kwalekwale. Burina wata rana in kai ta filin tsere in gwada hannuna, amma ita nake hawa zuwa aiki, da ita kuma nake zuwa Argungu da Sakkwato. Abokaina sun ce in sa mata koyiloba, wato shokazoba da sifirin a haɗe masu saitin tsayi, in sauke ta ƙasa, in ɗaura rim mai inci 19. Wani ma cewa ya yi a yanke sifirin kawai, ya fi araha. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Sifirin dai kada ka bari kowa ya kai masa zarto. Rim mai inci 19 ka bar wa mai shago kayansa. Koyiloba kuma a jingine maganarsa tukuna, za mu zo kansa. Lilon da ka kwatanta ciwon tsufa ne: mota ta haura shekara 20, mai yiwuwa da shokazoba da bushin ɗin (robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa) da ta baro Jamus da su take yawo har yau.

Abin da ya haɗa motarka da kwalta wurare huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannunka ba. Birki da sitiyari da ƙarfin inji duk ta nan suke ratsawa. Aikin kayan ƙafa shi ne su danne taya a ƙasa ko da hanya ta yi tudu ko kwari: sifirin ya ɗauki nauyi, shokazoba ya kashe tsallen sifirin ta hanyar matse mai ta cikin ƙananan kafofi. A filin tsere, inda kwalta take sumul kamar faranti, mota mai tauri tana riƙe ƙasa da kyau. A gargadar da ke hanyoyinmu kuwa, mai tauri tsalle take yi, kuma tayar da take sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Dubi motocin tseren Safari na ƙasar Kenya: ɗaga su ake yi, a ba ƙafarsu doguwar tazarar motsi, da hakan suke gudun da suke yi. Hanyar Jega zuwa Koko ta fi kusa da abin da waɗancan motoci suke takawa fiye da filayen Turai da abokanka suke kallo a waya.

Saboda haka ka fara da ramin makanike, a duba ƙarƙashin motar. Wannan ƙira, wadda ake kira E46, wuraren ciwonta sanannu ne. A gaba, bushin ɗin lowa-am, wato hannun ƙasa da ke riƙe taya, ne ke fara mutuwa, alamarsa sitiyari ya riƙa karkarwa in ka taka birki. A duba shi tare da boljoyin da tayarod. A baya akwai bushin a bakin dogon hannun da ke riƙe taya, in ya saki sai tayar ta riƙa karkata da kanta a tsakiyar kwana, kuma ina kyautata zaton shi ne rabin lilon da kake ji. Sai robar da shokazoban baya ke ɗaure a jikinta ta cikin but, da sifirin na baya, wanda yakan karye a zagayen ƙarshe ba tare da mai mota ya sani ba.

Akwai wuri ɗaya da nake roƙon ka tsaya a kai da kanka, da tocila a hannu. Ƙarfen da ke ɗauke da aksul ɗin baya gaba ɗaya an ɗaure shi ne a ƙasan bodi da manyan kusoshi huɗu, kuma a wannan ƙira bodin kan tsage a daidai maɗaurin. A wanke wurin tsaf, a nemi siririn layi kamar gashi. In an gan shi, a sauke aksul a yi walda, a ƙara farantan ƙarfafawa da ake sayarwa domin wannan aiki. Tankin mai na nan kusa, don haka mai waldar da ya san abin da yake yi za ka nema, wanda zai sauke tanki kafin ya kunna wuta. Duk taurin da ka ƙara wa ƙafa, bodi ne zai sha dukan. Ɗora sabon kaya mai tauri a kan tsagaggen ƙarfe faɗaɗa tsagar ne kawai. Ka kuma buɗe bonet ka duba kan tudun da shokazoban gaba ke ɗaure, domin faɗawa rami yakan kumbura shi. Kamfanin BMW da kansa ya yi wa ƙasashe masu munanan hanyoyi farantan da ke kare wurin, har da abin da ke ɗan ƙara wa motar tsayi.

Daga nan sai taya, wadda ta fi kowane ƙarfe da za ka saya tasiri. Ka zauna a inci 17, lamba 225/45. Gefen wannan taya ya kai kusan milimita 101, na 225/35 mai inci 19 kuwa kusan 79 ne. Wannan bambanci na milimita 22 shi ne matashin da ke tsakanin rim ɗinka da bakin rami. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya, su ne lokacin da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tayar Beljiyom da ta kwana shekara bakwai ko takwas, ko zanenta na nan, robarta ta bushe, kuma zafin Afrilu a Kebbi, da ke haura digiri 40, ba ya yi mata sassauci. Iska kuma da safe ake auna ta, kafin mota ta taka ko'ina.

A kan shokazoba nake so kuɗinka ya tafi. Bilstein B6 an yi shi ne domin mota ta zauna a tsayinta na asali, B8 kuma gajere ne, na tafiya da sifirin da aka sauke. Koni mai launin rawaya ana iya ƙara masa tauri ko a rage. Irin su B6 masu bututu ɗaya suna saurin fitar da zafi, abin da ke da amfani in ka yi doguwar tafiya a gargada da rana tsaka, lokacin da mai ke tsinkewa a cikin shokazoba mai araha ya daina aiki. Da ni ne, B6 zan sa a ƙafa huɗu da sifirin na asali sababbi, in bar tsayin yadda yake. Ka yi hattara da jabu, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ka saya ko a Ladipo ta Legas: farashin da ya yi daɗi fiye da kima, akwai magana a ƙasansa. Araha ba ta ado.

In ranka ya nace sai an sauke, kada ya wuce milimita 25 zuwa 30, da sifirin irin na Eibach ko H&R tare da shokazoban da ya dace da shi. Fiye da haka, lowa-am na gaba zai daina kwanciya daidai, bakinsa na waje ya kalli sama, motar ta ƙara son kwantawa a kwana maimakon ta rage, tazarar motsin ƙafa ta ƙare, kowane rami ya zama duka kai tsaye. Yankakken sifirin ya fi wannan muni: tauri yake ƙarawa ba bisa lissafi ba, ba ya zama daidai a kujerarsa, yana iya ficewa in taya ta rataya. An taɓa jawo mini wata mota da igiya, an yanke wa sifirin ɗinta zagaye biyu-biyu. Tudun rage gudu guda ɗaya a bakin kasuwa ya fasa kaskon man inji, yaron bai lura da jar fitila ba sai da inji ya ƙwanƙwasa. Kuɗin injin ya ninka na sifirin ɗin kirki sau da yawa, kuma na ji zafin abin, domin motar lafiyayya ce kafin a taɓa ta.

Kwanciyar da kake kuka da ita, sandar sitabilaiza, wadda ke haɗa ƙafar dama da ta hagu, ita ce maganinta ba tare da an taɓa tsayi ba. Taurinta na hauhawa da kauri fiye da yadda ido ke zato: daga milimita 24 zuwa 27, ƙarin kusan kashi 60 cikin 100 ne. In gaba ta yi tauri da yawa, mota za ta ƙi shan kwana, ta miƙe. In baya ce, bayan ne zai zame ya juya ka. Motarka da ƙafar baya take tuƙi, don haka kada ka taurara baya ita kaɗai. Sayi na gaba da na baya tare, masu kafofin saiti, ka fara daga mafi laushi.

Bushin na roba irin na asali ya fi mana. Masu tauri na roba mai ƙarfi suna kuka in ƙurar hunturu ta shige su, na zallan ƙarfe kuma yashi ke cinye su. A ƙarasa ɗaure kusoshin bushin bayan mota ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Sannan a yi alaimen na ƙafa huɗu a kan na'ura. Domin titi, kan tayar gaba ya ɗan sunkuyo ciki da abin da bai wuce digiri 1 ba. Filin tsere na son digiri 2 zuwa 2.5, kuma wannan sai da farantin saitin kamba, wato sunkuyon kan taya, a saman shokazoba. In ka bar shi haka kana zuwa Sakkwato, cikin tayar ne zai cinye tun wajenta na sabo.

Koyiloba na kirki, irin KW ko Öhlins ko Tein, kaya ne mai kyau ga wanda ya riga ya san abin da motarsa ke yi, yake son gyara wani abu takamaimai. Zaren saitin tsayinsa na son wanki da shafa mai, in ba haka ba lakar damina ta kafe shi. Masu arahar da ba a san kamfaninsu ba, sifirin ne mai tauri a kan shokazoba rarrauna, gara naka na asali sau goma.

Filin tsere akwai shi a Evbuobanosa ta Jihar Edo. Hanyar Argungu kuwa ta masu babur ce da amalanke da shanu da yara 'yan makaranta, kuma ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ga ƙaramar mota kilomita 80 ce a sa'a a babbar hanya, 50 a cikin gari. Ranar da za ka tafi filin, ka zuba sabon man birki DOT 4, domin tsoho ya sha ruwa, yana tafasa in birki ya yi zafi feda ta nutse. Ka tafi da gejin iska da littafi, ka rubuta iskar kowace taya kafin ka shiga da bayan ka fito, kuma abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane zagaye. In ka dawo, a mayar da kamba saitin titi kafin ka koma hawa zuwa aiki.