Tambayi Likita: Me Ya Sa Zazzaɓi Ke Kayar da Ƙanena Ya Ƙyale Ni?

Tambaya: Likita, ni da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ne, ɗaki ɗaya muka tashi, sauro ɗaya ke cizonmu. Sau uku zazzaɓin cizon sauro na kai shi gadon asibiti, ni ko sau ɗaya bai taɓa kwantar da ni ba. Gwaji ya nuna ni AS ce, shi AA. Ko da alaƙa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Da alaƙa ƙwarai, 'yar'uwa. Ƙwayar maleriya a cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama ta hayayyafa. A jinin mai AS, wato wanda ya gaji ƙwayar halittar sikila daga ɗaya kawai cikin iyayensa, zaman ba ya yi mata daɗi: ba ta girma yadda take so, kuma ƙwayar jinin da ta shiga takan lanƙwashe, saifa ta tsince ta ta kawar. Wani masanin kimiyya mai suna Anthony Allison ne ya nuna wannan kariyar a 1954, bayan binciken da ya yi a Gabashin Afirka. Nazarin da ya biyo baya ya gano AS na rage haɗarin maleriya mai tsanani da kusan kashi 90 cikin 100.

Ki lura, mai tsanani na ce. Kamuwa kam kina kamuwa, abin dai bai cika kai ki ga suma ko ƙarin jini ba. Nakan ji haushi idan mai AS ya ce mini ya daina shiga gidan sauro wai shi jininsa ya fi ƙarfin zazzaɓi. Kuma wannan kariyar ba a banza ta zo ba: idan AS ya haɗu da AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila.

Ba maleriya kaɗai ce cutar da abin da mutum ya gada ke iya kare shi daga gare ta ba. Ƙwayar ƙanjamau na bi ta wata ƙofa mai suna CCR5 ta shiga ƙwayoyin garkuwar jiki. Kusan mutum ɗaya cikin 100 na mutanen Arewacin Turai sun gaji ƙofar a toshe daga uwa da uba. Daga irin mutumin nan aka ɗebi ƙwayoyin ɓargo aka dasa wa wani mai ɗauke da ƙanjamau, Timothy Ray Brown, a Berlin a 2007, saboda sankarar jini, sai ga shi ya rabu da ƙanjamau.

Ƙanen naki dai ba rago ba ne, abin da ya gada ne ya bambanta da naki. Duk ran da jikinsa ya yi zafi, a yi masa gwaji a ranar, kada a bari ya kwana biyu.