Tambaya da Amsa: Wai Sayar da Bakassi Aka Yi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mahaifina tsohon soja ne, a Depot ɗin nan na Zariya aka horar da shi. Ya yi aiki a Bakassi zamanin Abacha, ya dawo da raunin da har yau yake ɗingishi. Kullum cewa yake sayar da wurin aka yi. Gaskiya ne?
Daga wani ɗalibi, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Ɗana, ka gaishe mini da Baba, Allah ya ƙara masa sauƙi. Wanda ya kwana cikin taɓo da sauro yana gadin wuri, dole ransa ya ɓaci ran da aka sauke tutarsa. Amma ba ciniki aka yi ba, shari'a aka yi aka kayar da mu.

Kamaru ce ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague a 1994 kan mallakar Bakassi, wani yanki na bakin teku da ke kan iyakarmu da ita. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ba ta gaskiya, babbar hujjar kuwa yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913. Najeriya ta ce ai mazauna wurin mutanenta ne tun kaka da kakanni, kotu ta tsaya kan takarda. A watan Yunin 2006 Obasanjo da shugaban Kamaru Paul Biya suka sa hannu kan yarjejeniyar aiwatar da hukuncin a Greentree ta Amurka, gaban Kofi Annan, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin. Aka janye sojoji, sannan ranar 14 ga Agusta 2008, zamanin marigayi 'Yar'adua, aka ƙarasa miƙawa a Kalaba.

Ni dai ina ganin bin hukuncin ya fi. Da an ƙi, da gidaje irin naku gawa za a riƙa kawo musu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutanen. Mu 'yan Arewa mun ɗauka maganar ta kudu ce kawai, alhali hukuncin ya taɓo Tafkin Chadi. A Disamba 2003 an miƙa wa Kamaru ƙauyuka fiye da 30 a yankin Darak, inda masuntanmu suka yi shekaru. Akwai wani dattijo da nake sayen banda a wurinsa a kasuwar Sabon Gari, can ya yi ƙuruciyarsa. Yana naɗe mini kifi a takarda ya ce, "Malam, ban matsa ko taku ɗaya ba, na wayi gari jandarma na tambayata takardar zama." Ya sayar da kwalekwalensa da komarsa, ya kwaso iyali ya dawo.

Yarjejeniyar Greentree ta ce ba za a kori kowa daga Bakassi ba, ba za a tilasta masa sauya ƙasa ba, ba za a hana shi kamun kifi ba. Duk da haka dubbai sun ƙauro jihar Kuros Riba, wasu sun yi shekaru a azuzuwan makaranta suna jiran matsugunin da aka yi musu alkawari. Idan Baba zai yi fushi, a nan ya dace ya yi, ni ma ina tare da shi.