Mahaifina ba ya iya fita: za a iya kawo masa akwatin zaɓe gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Argungu ne a Jihar Kebbi. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki shekara biyu da suka wuce, ba ya iya fita sai an ɗauke shi, amma hankalinsa garau yake, kuma tun Jamhuriya ta Biyu zaɓe bai taɓa wuce shi ba. Na ji ana cewa hukumar zaɓe tana kai wa irinsu akwati har gida, wasu kuma sun ce ana yi ta waya. Gaskiya ne? In ba haka ba, zan iya ɗaukar katinsa in dangwala masa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce, kai kuma Ya saka maka da alheri bisa wannan ɗawainiya.

Har zuwa babban zaɓen 2023, Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, ba ta kai wa kowa akwati gida ba, kuma ba a kaɗa ƙuri'a a Najeriya ta waya ko ta intanet ko ta gidan waya. Ɗaukar katin Baba ka dangwala a madadinsa kuwa laifi ne, domin sashe na 55 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda da ita aka yi zaɓen 2023, ya wajabta wa mai zaɓe ya halarci rumfa da kansa. Ko da ka gwada ma ba za ka wuce teburin farko ba, tunda na'urar BVAS sai ta tabbatar da zanen yatsan mai katin ko fuskarsa kafin a miƙa masa takardar ƙuri'a.

Sai dai maganar da ka ji tana da tushe. Sashe na 54 na wannan doka ya ɗora wa hukumar alhakin taimaka wa masu buƙata ta musamman da rubutun makafi, da rubutu mai manyan haruffa, da na'urori, da tafintan kurame, sannan ya ƙara da cewa ana iya shirya musu kaɗa ƙuri'a a wani wuri da ba rumfar ba, inda hakan ya dace. Wato doka ta buɗe ƙofa, aiwatarwa ce ta yi saura. Wasu ƙasashe sun riga sun yi nisa: a Afirka ta Kudu, wanda rashin lafiya ko nakasa ko juna biyu ya hana shi fita yakan nemi izini tun da wuri, jami'an zaɓe su same shi a gida kafin ranar zaɓe, a Indiya ma, a zaɓen 2024, an ba waɗanda suka kai shekara 85 da masu nakasa mai tsanani damar zaɓe daga ɗakunansu.

Saboda haka, tunda dole Baba ya je da kansa, aikin da ke gabanka shi ne ka rage masa nisan hanya da tsawon jira, kuma wannan aiki watanni kafin zaɓe ake fara shi. Ranar zaɓe 'yan sanda sukan hana zirga-zirgar ababen hawa, ba mota, ba kabu-kabu, ba keke napep, don haka rumfar da take can wata unguwa ta fi ƙarfin mutumin da sai an ɗauke shi. A shekarar 2021 INEC ta ƙara yawan rumfuna zuwa 176,846 a faɗin ƙasa, kuma da yawa daga cikin sababbin ba su da cunkoso, har ma wata tana iya kasancewa a bakin layinku ba ka sani ba. Idan aka buɗe rajista, ka je ofishin hukumar na ƙaramar hukumarku da katin Baba, ka nemi a mayar da shi rumfar da ta fi kusa da gida. Dokar 2022 ta ce a gabatar da irin wannan buƙata aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, amma kada ka jira ƙurewar lokaci. A wannan zuwan kuma ka tabbata an rubuta irin lalurarsa a bayanansa, domin da waɗannan bayanai hukumar take sanin rumfar da za ta aika wa kayan taimako. Mutanenmu da yawa suna jin nauyin a rubuta iyayensu cikin masu nakasa, sai su yi shiru, daga baya kuma a ce ai babu mai buƙata a wannan rumfa.

Ranar zaɓe ana buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi da ƙarfe 2:30 na rana. Ku je da sanyin safiya, kafin ranar Argungu ta buɗe. Baba ba zai bi layi ba: ƙa'idar hukumar ta ce a fara sallamar masu nakasa, da tsofaffi, da masu juna biyu, da masu shayarwa. Wannan haƙƙinsa ne, ba alfarma ba ce, kuma shugaban rumfar, wanda galibi ɗan hidimar ƙasa ne, an koya masa haka. Ka same shi cikin ladabi, ka bayyana masa halin da Baba yake ciki.

Ka lura da inda aka girka wurin dangwalen. Na taɓa tsayawa a wata makarantar firamare inda aka ɗora shi bisa barandar aji mai matakala uku, ga yashi a tsakar makarantar da tayar keken guragu take nutsewa ciki. Wani dattijo sai da samari huɗu suka ɗaga shi da kekensa, hularsa ta faɗi, jama'a suna kallo, alhali jawo teburin zuwa gindin darbejiya ba zai ɗauki minti biyu ba. Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su samar da hanyar keken guragu. Wa'adin ya cika, yawancin makarantunmu suna nan yadda suke. Idan ka isa tun ana shirya tebura, roƙon a sauko da su ƙasa ya fi sauƙi.

Wajen tantancewa, ko yatsa ko fuska, ɗaya ya wadatar, abin da ya zama sauƙi babba ga kutare da waɗanda noma ko tsufa ya shafe musu zanen yatsu. Wajen dangwale kuma kowane yatsa ya halatta, sai Baba ya yi amfani da hannun da yake da lafiya. Idan hannun yana rawa, sashe na 54 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ba shi ikon zaɓen wanda zai shiga da shi ya taimaka masa, bayan an sanar da shugaban rumfa. Shi ne zai zaɓa, kuma wakilin jam'iyya ba ya cikin waɗanda aka yarda su yi wannan rakiya. Idan kai ya zaɓa, amana ce: ka kai yatsansa kan alamar da shi ya ambata, ko da ba ita ce taka ba, kuma ka riƙe sirrinsa.

Wannan batu na sirri shi ne ya sa, duk da ina goyon bayan a fara kai akwati gida, ba na son a yi shi da gaggawa. Mara lafiya da yake kwance a ɗaka, wanda ci da shansa suke hannun wasu, ya fi kowa sauƙin tursasawa, kuma mun san yadda masu sayen ƙuri'a suke zagaya gidaje. In za a yi, sai a yi da jerin sunaye da aka kafe tun da wuri, da jami'ai aƙalla biyu, da wakilan jam'iyyu da masu sa ido a ƙofar ɗaki, da ambulan da za a liƙe a gaban mai ƙuri'a. Ana iya gwada shi a ƙaramin zaɓen cike gurbi kafin a kai shi ƙananan hukumomi 21 na Kebbi. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, JONAPWD, tana da rassa a jihohi, kuma ta hannunta da na sarakunan makafi da na guragu irin wannan kira ya fi saurin isa kunnen kwamishinan zaɓe a Birnin Kebbi.

Kafin nan, katin Baba ya zauna a hannunsa ko a naka. Duk wanda ya zo da sunan zai karɓa ya yi masa rajistar zaɓen gida, ko ya nemi lambar da ke jikin katin da sunan tallafi, kada ku ba shi.