Guguwa ce, holoƙo ne, ko iskar hadari?

Tambaya: Assalamu alaikum. A nan Kumo, idan damina ta kusa faɗuwa, iska kan taso farat ɗaya bayan la'asar, ta turnuƙe gari da ƙura, ta yaye kwanon gidaje, jim kaɗan ta lafa. Matasa na ce mata guguwa, dattawa kuma holoƙo. Wanne ne sunanta? Me ya sa kuma ɓarnarta ta fi yawa a kan rufi?
Mai karatu daga Kumo, jihar Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka kwatanta iskar hadari ce. Guguwa murɗawa take yi. Ita ce kake gani da tsakar rana cikin bazara, ta miƙe a fili kamar ginshiƙi, ta yi sama da leda da karmami, ta watse. An faɗaɗa kalmar, ana cewa mahaukaciyar guguwa ga irin wadda ke tasowa daga teku, har mutane suka saba kiran kowace iska mai ƙarfi da ita. Holoƙo kuwa hadari ne da ya zo da iska da ƙura amma bai zubar da ruwa ba, shi ya sa ake cewa holoƙo hadarin kaka. Saboda haka in iskar ta wuce ko ɗigo bai sauka ba, dattawan naku sun yi daidai.

Iskar hadari a cikin gajimare take haɗuwa. Farkon damina, a watannin Afrilu zuwa Yuni, ƙasa ta yi zafi, iskar da ke ƙarƙashin gajimare kuma busasshiya ce. Ruwan da ya fara saukowa sai ya ƙafe tun bai iso ba, ya sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa ta bazu a gaban hadarin. Sanyin nan da ke bugun fuska da ƙamshin ƙasa, gargaɗi ne, mintoci kaɗan suka rage. A yankinmu irin wannan hadari daga gabas yake tahowa ya nufi yamma. Ma'aunin da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta sa wa irin wannan iska shi ne gudun iska ya ƙaru nan take da aƙalla mita 8 a daƙiƙa, ya kai mita 11 ko fiye, wato kusan kilomita 40 a awa, ya kuma ɗore aƙalla minti ɗaya.

Batun rufi shi ya fi damun mu, domin mutanen Bauchi ba su manta da iskar watan Yunin 2018 ba, wadda ta ci rayuka ta rushe gidaje masu yawa. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunta sau huɗu yake ninkawa. Sannan ba tura kwano kawai take yi ba, zuƙarsa take yi sama yayin da take wucewa ta kansa. In ta sami taga a buɗe ta ɓangaren da take bugowa, sai ta cika ɗaki ta tura daga ciki. Daga kusurwa da baki take fara ɓamɓarowa, falle ɗaya ya tashi, saura su bi.

Kafin watan Afrilu, a kira kafinta ya hau ya duba. Katakon da gara ta ci ba ya riƙe ƙusa, a sauya shi. A ɗaure katakon rufin da jikin linta da rodi ko langa-langa, kada a bar shi zaune kan bulo kawai, domin a nan ne rufi ke tashi ɗungurungum. A yi amfani da ƙusa mai hula, a buga ta kan tudun kwano, a kuma ƙara yawanta a layin baki da kusurwoyi. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake jibgawa a sama ba ɗauri ba ne, in kwanon ya tashi kan mutane suke faɗowa. A sassabe rassan dogon yaro da suka rufa kan ɗaki.

Da zarar gabas ta yi baƙi, a rufe tagogi, a shigar da yara ɗaki, kada kowa ya fake gindin bishiya, jikin tsohuwar katanga ko ƙarƙashin wayar lantarki.