Daga MLT zuwa digirin lab: ana wucewa, amma ka san lissafin

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka ce makinka na JAMB bai kai ba, 'yan uwa a ƙauye sun ba ka shawarar ka shiga makarantar koyon aikin lafiya ka yi MLT, wato kwas ɗin teknishan na ɗakin gwaje-gwajen asibiti (lab), kana son sanin ko daga nan ana wucewa jami'a. E, ana wucewa, ni ma ta nan na bi. Sai dai kada kowa ya ce maka yanke ne.

MLT shekara 3 ne. In ka samu gurbin DE (Direct Entry, shiga jami'a da takardar MLT ɗinka), aji biyu za a sa ka, ka ƙara shekara 4 kafin ka karɓi BMLS, wato digirin lab. Bakwai ke nan, alhali wanda ya shiga da JAMB kai tsaye 5 zai yi. Bayan rantsuwa akwai shekarar horon sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa, in ba ka haura shekara 30 ba lokacin kammalawa. Ka zauna da Baba ka faɗa masa wannan tun yanzu, don kada ya sayar da buhunan gero yana zaton shekara uku an gama.

Kafin ka biya ko sisi, ka binciki makarantar. Hukumar MLSCN mai kula da aikin lab, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke tantance kwas ɗin, ta yi wa ɗalibi rajista, ta shirya jarrabawar ƙarshe, ta ba da lasisi. Makarantar Jahun da ta cikin birnin Kano sanannu ne, amma yanzu masu zaman kansu sun cika kowane lungu. Kada babban allon bakin ƙofa ya ruɗe ka. Tambayi ko hukumar ta amince da MLT ɗin kansa a wurin, da kuma yawan ɗaliban da aka yarje musu. Na san yaran da wata makaranta ta ɗiba fiye da ƙima, suka gama tsaf, ranar jarrabawar hukuma babu sunansu.

Sai sakamakon sakandare. Kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Physics, Chemistry, Biology. Mu 'yan makarantun karkara Physics ke kayar da mu, don wani bai taɓa ganin malaminta ba. In da giɓi, cike shi da NECO ko WAEC yanzu, jami'a ba ta ɗaga ƙafa a nan. Kuma guraben DE kaɗan ne ƙwarai. BUK da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato duk suna da kwas ɗin, amma duba ƙa'idar kowace a kundin JAMB na shekarar, ba duka ke karɓar MLT ba. Da ni ne kai, ina ajin farko zan sake zana JAMB. In ta yi, ka rage shekaru.

Amfanin wannan hanya shi ne hannunka zai faɗa. A ƙaramin asibitin da na yi aiki, da damina layin zazzaɓin cizon sauro har waje. Ka huda yatsan yaro, ka shafa jinin a gilashi, ka bari ya bushe kana korar ƙudaje, ka zuba rinin Giemsa, in babu wuta ka jawo maikuroskof bakin taga ka juya madubinsa ya kamo rana. Mai ciki ta zo idonta fari fat, ka auna PCV, wato yawan jininta, ka fita neman mai ba da jini cikin danginta. Da muka je jami'a, 'yan JAMB hannunsu na rawa wajen neman jijiya, mu kuwa ko a jikinmu.

Su ma sun rama a aji. Anatomy, Physiology da Biochemistry na aji biyu ba sa tambayar shekarunka a bakin aiki. Mun iya yin gwaji, amma dalilin da ya sa sakamako ya fito haka, da yadda za ka gane na'ura ce ta yi ƙarya ba jinin ba, nan ne digiri ya bambanta. Shi ya sa mai MLT a ƙarƙashin kulawar mai digiri yake aiki.

Aiki kam akwai, musamman tun da Kano ta wajabta gwajin kafin aure a 2024, har da na jinsin jini saboda sikila. In gwamnati ta ɗauke ka da MLT, nemi hutun ƙaro karatu a rubuce kafin ka tafi, kada ka dogara da "je ka kawai" ta bakin shugaban sashe. Turo min darussan da ka ci a sakandare in ga inda za ka fara.