Tazara Nawa Ake Bari Bayan Aya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina buga wa ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo takardu a nan Maradi. Maigidana ya ce in riƙa barin tazara biyu bayan aya, ɗaliban kuma sun ce ɗaya. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗaya ce. Maigidanka ya koya a zamanin tafireta, inda kowane harafi ke cin fili daidai da ɗan'uwansa, ko "i" ko "m", don haka tazara biyu ke nuna ƙarshen jimla. A kwamfuta kowane harafi da faɗinsa. In ka bar biyu sannan ka daidaita gefunan shafi, Word zai ƙara buɗe su, sai fararen ramuka su tsaga sakin layi.

Gyaran takardar da aka riga aka buga: danna Ctrl+H, sa tazara biyu a akwatin sama, ɗaya a na ƙasa, ka musanya duka. Maimaita har ya daina samu.

Abin da ya fi damun masu bugu a Nijar shi ne Faransanci. Ƙa'idarsa tana son tazara kafin alamomin ? ! : da ; kuma Word yana saka ta da kansa in harshen takardar Faransanci ne. A Hausa alamar manne take da kalmar, don haka sauya harshen takardar kafin ka fara. In Faransanci kake bugawa da hannu, Ctrl+Shift+Space zai hana alamar faɗawa sabon layi ita kaɗai. Aya da waƙafi kuwa ba a sa tazara kafin su a harsunan biyu.