Gilashin ƙofar baya na Hilux ya ƙi motsi

Kana tambaya ko ka sauya injin gilashin baya na Hilux ɗinka tunda ya daina hawa da sauka. Kada ka saya tukuna. Duba maɓallin kulle gilasai na ƙofar direba, sannan a cire marfin ƙofar bayan, a ba injin wuta kai tsaye daga batir. In ya juya, lafiyarsa lau.

Abin da na fi gani shi ne wayoyi sun karye cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, saboda yawan buɗewa da rufewa. In kuwa injin ya mutu, ɗaure gilashin sama da salatif kafin ka kwance notukan, in ba haka ba zai rufto maka a yatsu.